Ɗanyen Ganye a Ƙofar Maƙwabci

 

Ba al'adarmu ba ce mu fito da maganar zaure bainar jama'a. Abin da aka kawo gaban dattijo a littafin zaure yake kwana, mu kuma da aka damƙa wa alƙalami an san mu da nauyin baki. Amma maganar da za mu taɓa yau ta riga mu fita, tun farkon Disamba take bin wayoyi gida-gida. Saboda haka Baba Alhaji ya yi mana izini mu rubuta, bisa sharaɗin kada a kama sunan kowa.

Ga yadda abin ya faru. A wani gidan haya na Tireshbil, irin mai tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya da ƙofofi barkatai, akwai wata tsohuwa Kirista, 'yar ƙasa, wadda ta haura shekara talatin tana maƙwabtaka da mutanenmu. Ita ce kan gaba cikin matan da ke ƙawata majami'arsu idan Kirsimeti ta gabato. Bana ƙafa ta matsa mata, ido kuma ya yi rauni. Sai ta roƙi wani yaronmu, ɗan wajen Maradi, wanda ya tashi yana saƙar kaba a ƙauyensu, ya tsaga mata ganyen kwakwa ya kitsa. Yaro ya zauna tsakar gida ya kitsa mata, bai karɓi ko dala ba, domin ita ce ta yi jinyarsa bara da zazzaɓi ya kwantar da shi, alhali ba shi da kowa a garin. Wani ya ɗauki hotonsa yana kitson. Kafin la'asar hoto ya zaga, da wata murya biye da shi tana cewa wane ya bar addini. Bayan kwana biyu muryar ta ƙara faɗi, ta haɗa da 'yan tebur na kasuwar Ajame masu sayar da bishiyar roba da ƙananan fitilu, wai kuɗinsu haramun ne, kada a ci abincin gidansu. Daga nan wani mai ƙwazo ya juya ta zuwa Faransanci, har ta kai kunnen jikan tsohuwar. Ranar da ya zo zauren Baba Alhaji bai yi faɗa ba. Tambaya ɗaya ya yi: shin hannun kakarsa ne najasa, ko ganyen?

Malamanmu na zaure sun koya mana cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san siffarsa. Da yawa cikin masu hayaniyar nan, da za a tambaye su me maƙwabtanmu ke nufi da ɗanyen ganye, ba za su iya ba da amsa ba, alhali bango ɗaya ya raba ɗakunansu. To, bari mu fara da nan.

Kiristoci ba su faɗa wa Kirsimeti kwatsam. Suna da Lahadi huɗu kafin 25 ga Disamba, lokacin jira da shiri, wanda a Faransanci suke kira Avent. A majami'un Katolika da wasu na Furotesta ana naɗa ganye kamar gammo, a kafa masa kyandir huɗu, kowace Lahadi a ƙara kunna ɗaya, har hasken ya cika. A wurin Katolika galibi uku shunayya ne, ɗaya ruwan hoda. Idan ka tambaye su za su ce maka gammon ba shi da farko ba shi da ƙarshe, yana tuna musu da dawwamar Ubangiji. Koren ganye kuma alamar rai ne da sa rai. Hasken da ke ƙaruwa mako-mako shi ne kusantowar wanda suke jira. A gidajen masu riƙo da addini akan taru da dare a karanta wani yanki na Littafinsu, a yi shiru, kowa ya binciki zuciyarsa, a nemi gafara, a tuna da matalauta. Abin bai daɗe can can ba. Wani fasto Bajamushe, Johann Hinrich Wichern, da ke riƙon yara marasa galihu a birnin Hambug, shi ne a 1839 ya ɗauki ƙafar amalanke ya jera mata kyandir, ƙanana na ranakun mako, manya huɗu na Lahadi, don yaran su daina damunsa da tambayar saura kwana nawa. Daga baya aka riƙa naɗe ta da ganye. Wato asalinta ƙirgen kwana ne na yara, kamar yadda namu yaran ke ƙirga azumi da tsakuwa.

Ita kuwa bishiyar, wadda 'yan ƙasa ke kira sapan, ta fi haka tsufa. A littafin kuɗin garin Selesta na yankin Alzas, a shekarar 1521, an rubuta ladan masu gadin daji da aka sa su tsare itatuwa gab da bikin (dubi amfanin magatakarda, da bai rubuta ba, da ba a sani ba). Ta ƙara bazuwa bayan da wata jaridar Landan ta buga zanen Sarauniya Biktoriya da iyalinta kewaye da ita a 1848. Bukkar nan da ake kafawa a kusurwar majami'a da ciyawa, mai kwatanta komin dabbobi na Baitalami kamar yadda Bisharar Luka ta ba da labari, ana danganta yaɗuwarta ga Faransis na Asisi a shekarar 1223. Babu ɗaya cikin waɗannan da Littafinsu ya wajabta. Al'adu ne na mutanen ƙasar sanyi, da suka biyo 'yan mishan da Turawan mulki. Limaman Katolika da suka kafa zama na dindindin a ƙasar nan sun sauka Babban Basam a 1895, shi kuwa William Wade Harris, mai wa'azin nan ɗan Laberiya da ya ratsa bakin teku tsakanin 1913 da 1915 da farar riga da sandar gora, ba da bishiyar Turawa ya zo ba.

A nan akwai abin mamaki da muka daɗe muna juyawa a zuci. Baturen arewa ya girmama itacen da ba ya kaɗe ganye ne saboda a Disamba ƙasarsa takan mutu: rana ta gajarta, ƙanƙara ta rufe gona, kowane itace ya zama ƙirare, sai wannan kaɗai ya tsaya kore. Mutumin Abijan bai san wannan ba. Shi a wurinsa kore ba baƙo ba ne. Dajin Banko na nan tsakiyar birni, shekara ta zagayo bai sake launi ba. Mu ne, 'ya'yan Katsina da Maradi da Damagaram da Sakkwato, muka san abin da Baturen ke ji. Mu muka san watan da ƙasa ke komawa ja, hunturu ya busar da leɓe, dabba ta riƙa lasar ƙasa. Kuma mu muka san gawo, itacen da ke kaɗe ganyensa da damina, ya fito da sabo da rani lokacin da kowa ya bushe, makiyayi ya sami abin ba bisashensa, matafiyi ya sami inuwa. Wanda ya taɓa hango koren gawo daga nesa cikin tsakiyar rani ba ya bukatar a fassara masa dalilin da zai sa ɗan Adam ya ɗauki ɗanyen ganye alamar rahama.

Ba a nan kaɗai muka san ganye ba. Kakanninmu goro ne ya jawo su kurmi, tun zamanin fataucin Gwanja, kuma har gobe duk wanda ya leƙa rumfunan Anyama zai ga yadda ake yi wa goro shimfiɗar ganye a huhu, a rufe shi da ganye, a riƙa buɗewa ana tsince mai sankara, ana sauya ganyen da ya gaji. Goro rai ne da shi, ganyen ne ke tsare masa danshinsa har ya kai Kano. Fatake sun ce wanda ya san darajar goro shi ke nema masa ganye. Saboda haka da tsohuwar nan ta nemi hannun da ya iya ganye, ba ta yi kuskuren ƙofa ba.

Mun je mun ga aikin da idonmu, kuma aiki ne na gwaninta. Da sassafe ake saran ganyen, kafin rana ta sha ruwansa. Na kwakwar manja yana da ƙaya a gindi, sai an feffeƙe. Na kwakwar Attagara, irin wadda ta cika hanyar Basam, ya fi tsawo da laushi, ya fi karɓar kitso. Ana ɗaukar na ƙasa-ƙasa ne waɗanda suka ƙosa, ba a taɓa tsiron tsakiya, domin nan ne ran itacen yake. Sai a tsaga reshe biyu ta tsakiyar ƙashinsa, a bi 'ya'yan ganyen ɗaya bayan ɗaya ana ɗora wannan kan wancan kamar saƙar tabarma, a ƙulle bakin. Idan baka ake so a ƙofa, sai a lanƙwasa gora biyu a ɗaure kawunansu, a bi su da kitsattsen ganye, mata su soka furanni a tsakani. Idan gammon kyandir ne, sai a naɗa ƙashin ganyen ya zama zobe, a lulluɓe shi da ƙananan ganyaye, a bar gurbi huɗu. A ajiye a inuwa, a rufe da jiƙaƙƙen buhu, a yayyafa ruwa safe da yamma. Duk da haka, a zafin Abijan kwana kaɗan yake yi ya fara yanƙwanewa, dole a sake. Muka tambayi tsohuwar ko ba ta gajiya da wannan sakewa. Ta ce ai amfaninsa ke nan: abin da ba ya bushewa ba ya tuna maka da komai. Ta kuma gaya mana cewa ganyen da suke ɗagawa a Lahadin da ke gaban Ista ba su zubar da shi. Adana shi ake yi, shekara ta zagayo a ƙone, da tokarsa ake shafa musu a goshi ranar da suke fara azuminsu, don tuna cewa ƙasa ce makomar kowa.

Idan ana son jin ra'ayinmu a kan ado zalla, to, muna tare da tsohuwar. Bishiyar roba da ake cika kwantena da ita daga Sin, a sauke a tashar jirgin ruwa, a baza a bakin titin Nangi Abrogwa, a manna mata auduga wai ƙanƙara ce a garin da fanka ba ta hutawa, ba ta kai ganyen kwakwa kyau ba ko kusa. Kwakwar manja 'yar asalin ƙasar nan ce, har a tambarin Kwaddibuwa itacen kwakwa biyu ne ke tsaye gefen kan giwa. Ganye idan ya bushe ya koma taki ko makamashi. Roba idan ta karye sai kwata, daga kwata sai tafkin Ebiriye. Amma wannan shawara ce ta masu bikin, ba tamu ba, kuma mun san akwai 'ya'yanmu da cinikin robar nan ke biya wa kuɗin haya na wata uku. Mu wuce.

Mu dawo gida. Shin ganyen dabino da danginsa baƙi ne a addininmu? Sura ta 19 a Alƙur'ani mai girma sunan Nana Maryamu take ɗauke da shi, kuma a cikinta aka ba mu labarin naƙuda ta kai ta gindin dabino, aka shayar da ita, aka ciyar da ita ɗanyen dabino, ta haifi Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Farkon wannan sura Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta a gaban Najjashi, sarkin Habasha Kirista, lokacin da Musulmin farko suka gudu daga Makka suka fake a ƙasarsa, ya kuwa ƙi miƙa su ga masu neman su. Mu da muke zaune a ƙasar wasu ya kamata wannan ƙissa ta fi kowace zama a bakinmu. Masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da kututturen dabino aka kafa shi, da ganyensa aka rufe. Ya taɓa yi wa sahabbai kacici-kacici da itacen da ganyensa ba ya kaɗewa, wanda ya yi kama da Musulmi, amsar ita ce dabino. Sannan ga hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, na kaburbura biyu da ya wuce ana yi wa masu su azaba, ya karɓi ɗanyen reshen dabino ya tsaga biyu ya kafa wa kowanne, da fatan a sassauta musu muddin bai bushe ba. Muna roƙon wanda ya naɗi muryar nan ya koma ya duba laifin ɗayan mutanen biyu. Annamimanci ne, ɗaukar magana daga nan a kai can.

Kada wani ya ce mun haɗa abin da ba ya haɗuwa. Ba mu ce ma'anarmu da tasu ɗaya ba ce. Su suna bikin haihuwar wanda suka yi imani Ɗan Allah ne. Mu mun yi imani bawan Allah ne kuma ManzonSa, Allah bai haifa ba, ba a haife Shi ba. Wannan rami ne da babu ganyen da zai rufe shi, kuma tsohuwar ma ta san haka, shekara talatin ba ta taɓa kiran ɗan kowa majami'a ba.

Kuma ba za mu ɓoye cewa masu tsanantawa suna da madogara ba. Ibnul Hajj, malamin mazhabarmu ta Malikiyya wanda ya rasu a Alƙahira a 1336, ya yi kakkausan suka a littafinsa Madkhal ga Musulmin Masar da ke shiga bukukuwan Kiristoci, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ɗebo da yawa daga wannan littafi. Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim sun hana taya murna da abin da ya shafi ibadarsu, na farkon ya hana har sayar musu da abin da zai taimaka wa bikin. Waɗannan ba ƙananan mutane ba ne. A ɗaya gefen kuma, gidan fatawa na Masar, da Shaihu Yusuf Ƙardawi, da Shaihu Abdullahi bin Bayya na Muritaniya, sun halatta gaisuwa da kyautatawa ga maƙwabci Kirista a ranar bikinsa, suna kafa hujja da aya ta 8 ta Suratul Mumtahana, wadda ta buɗe ƙofar alheri da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu ba, ba su kore mu daga gidajenmu ba. Mas'ala ce ta saɓani tsakanin malamai. Wanda ya bi na farko ya kame hannunsa, ba mu zarge shi ba. Abin da muka ƙi shi ne a ɗauki mas'alar saɓani a mai da ita takobin fitar da mutum daga Musulunci, a bakin wanda ko Ishmawi bai sauke ba. Kafirta Musulmi magana ce mai komawa kan mai ita idan ba ta sami wurin zama ba.

Sa'an nan a yi adalci wajen auna abin. Idan duk abin da ya shiga bikin Kirsimeti ta hannunmu haramun ne, to, ba 'yan tebur kaɗai abin ya shafa ba. Mahaucin da ke gasa nama daren 24 ga wata, wa yake gasa wa? Mai kaji fa, da mai raguna, da mai atamfa, da telan da ba ya barci tun tsakiyar Disamba, da mai takalma, da mai garba da ke auna aceke da kifi ga wanda ya fito daga majami'a? Shi kansa mai muryar, da za a bi sawun cinikinsa na wannan wata, da wuya a rasa kuɗin Nowel a ciki. Ba daidai ba ne a tsallake mai babban shago a kama yaron da ya yi aikin lada.

Akwai kuma abin da samari ba su gani ba, mu muka gani. A ƙidayar 2021, Musulmi kashi 42.5 cikin ɗari ne na mutanen ƙasar nan, Kiristoci kashi 39.8. Babu wanda zai iya haɗiye wani. Gwamnati na ba da hutu ranar Kirsimeti da Litinin ɗin Ista, tana kuma bayarwa a ƙaramar Salla da babba, da washegarin Mauludi, da washegarin Lailatul Ƙadari. Wannan ma'auni ba daga sama ya faɗo ba, kuma mun ga ranar da ya karkace. Ranar jajibirin Kirsimeti ce, 24 ga Disamba 1999, sojoji suka kifar da Shugaba Bediye, Janar Gei ya hau. Daga nan ƙasa ba ta sake zama daidai ba: tarzomar Oktoba 2000 da aka ƙona masallatai da majami'u, tawayen 19 ga Satumba 2002, sai rikicin bayan zaɓe na 2010 zuwa 2011 da ya ci rayuka wajen 3,000. A waɗannan shekaru doguwar riga da sunan mutum sun isa su jawo masa halaka a shingen hanya. Mu da muke riƙe da littafin zaure mun san gida nawa ne cikin namu suka tsira saboda wani maƙwabci Kirista ya tsaya bakin ƙofa ya ce babu baƙo a nan, duk 'ya'yana ne. Mun kuma san inda akasin haka ya faru, ba mu manta ba.

A watan Mayu 2021 ma, hoton bidiyo guda da aka jingina wa Nijar da ƙarya ya isa ya sa aka far wa 'yan Nijar a unguwannin Abijan, aka wawashe tebura da shaguna, aka ji wa mutane rauni, har aka rasa rai. Waya ce ta kunna wannan wuta, ba bindiga ba. Kuma kada mu ɗauka kullum mu ne ake zalunta: a Janairun 2015, saboda zanen ɓatanci da wata jaridar Faransa ta buga, aka ƙona gomman majami'u a Damagaram da Yamai, na mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Cikinsu akwai Hausawa 'yan'uwanmu, domin Hausa Kirista ba sabon abu ba ne. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da harshenmu, kuma daga Wusasa ta Zariya har Tsibiri ta Gobir akwai gidajen da suka yi kaka da kakanni a cikin wannan addini. Wasunsu na nan Abijan tare da mu, muna haɗuwa a wurin suna da jana'iza. Duk muryar da aka naɗa da Hausa, su ne farkon masu jin ta ba tare da tafinta ba.

Wani uba ya tashi a zaure ya ce, ranka ya daɗe, tsoronmu 'ya'yanmu ne. Wannan magana ce ta gaskiya, ba mu raina ta ba. Yaranmu na zuwa lakwal, ana yi musu bikin bishiya a ƙarshen zango, wani ya sa jar hula da gemun auduga ya raba kyauta, su dawo gida suna tambayar me ya sa ba a kafa tamu ba. Amsarmu ita ce ba ma kafawa, kuma ba za mu kafa ba, domin ba bikinmu ba ne. Amma a gaya wa yaro dalili. A zaunar da shi a karanta masa Suratu Maryam da fassara, ya san Annabi Isa nasa ne tun kafin ya ji sunansa a bakin wani, ya san inda muka haɗu da maƙwabta da inda muka rabu. Yaron da aka yi wa haka zai iya ratsa Filato cikin fitilun Disamba, ya wuce gaban babbar majami'ar San Pol, ya yaba kyan gini, ya dawo ya yi alwala. Wanda muke jin tsoro a kansa shi ne wanda ba a koya wa komai ba sai zagi, domin ranar da ya gane tsohuwar da ake zagi ta fi masu zagin tausayi, ba mu san abin da zai yanke ba.

Kuma alheri ba hanya ɗaya yake bi ba a gidajen nan. Ranar Juma'a sahu kan cika babban masallacin Ajame ya malalo titi, masu mota da masu kaya su yi haƙuri har a sallame. Ranar Layya 'ya'yan maƙwabta ne ke riƙe mana ƙafar rago, iyayensu mata su taya wanke kayan ciki, mu kuma mu aika musu da nasu kason. Da azumi, mun san matan da ke janye murhunsu daga ƙofar mai azumi ba tare da an roƙe su ba. Ba mu taɓa jin an naɗi murya a majami'a ana cewa wanda ya riƙe ƙafar ragon Alhaji ya bar addininsa ba. In ma an yi, ba ta iso mu ba.

Baba Alhaji ba ya ba da fatawa, bai kuma taɓa cewa shi malami ne ba. Ya kira malamai biyu da aka san ra'ayinsu ya bambanta, ya zaunar da su tabarma ɗaya, ya ce Allah gafarta Malam, ku faɗa mana inda kuka haɗu, inda kuka rabu kuma ku bar mana shi. Sun haɗu a kan cewa Musulmi ba ya shiga ibadar Kirsimeti, ba ya sayar da gicciye ko mutum-mutumin da ake sawa a bukkar majami'a, ba ya furta abin da ke nuna yarda da aƙidar da ba tasa ba. Sun haɗu a kan cewa yaron nan Musulmi ne, babu abin da ya taɓa imaninsa, kuma wanda ya kafirta shi ya tuba ya nemi yafewarsa. Sun rabu a kan fitilu da bishiyar roba da kitson ganye: ɗaya ya ce barinsu ya fi, ɗaya ya ce ciniki ne da maƙwabtaka. Aka bar kowa da malaminsa, da sharaɗin wanda zai ƙi ya ƙi da ladabi, ya ce Mama, wannan kam ba zan iya ba, amma kawo in ɗaukar miki ruwa.

Mai muryar ya zo da kansa bayan sallar isha'i, tare da kawunsa. An umarce shi ya naɗi wata da Hausa da Faransanci, ya tura ta duk inda ta farko ta shiga, kuma ya yi. Washegari Baba Alhaji ya sa muka raka shi gidan tsohuwar da goro ashirin a ƙunshin ganye. Ta karɓa, ta ce Papa Alaji, ai ba sai ka taso ba, ta sa jikan ya kawo kujera.

Sanarwa ga masu tebur da masu tireda da ke kusa da majami'un Santa Jan Dark ta Tireshbil da San Mishel ta Ajame: ranar 24 ga wata a janye kaya daga bakin hanya tun bayan la'asar, kamar yadda aka saba, domin jama'arsu na yin yawa da dare. Tsanin zaure yana nan ga mai aro, Musulmi ko Kirista, a rubuta suna wurinmu, a dawo da shi kafin azahar ta washegari.